Gwanin da Ke Sa Allurar Mai Faɗin Gaskiya

Tsofaffin manyan motocin da ke kwasar hatsi daga Dawanau, ko albasa daga Aliero, ko shanu daga Maigatari zuwa kudu, da yawansu allurar mansu ta daɗe da daina aiki. Wata ta kwanta ƙasa, ko an cika tanki maƙil ba ta tashi. Wata ta kafe a sama ko da ɗigo bai rage ba. Wata kuma rawa kawai take yi duk sanda taya ta faɗa rami. Direbobi sun saba har sun samo wa kansu mafita: sanda a bayan kujera, in an tsaya karen mota ya buɗe tanki ya tsoma, a duba inda ta jiƙe. Mai mota ma ya sallama, yana cewa ai tsufa ne.

Akwai masu wayarin mota da ba su yarda da wannan uzuri ba, kuma aikinsu na cikin ayyukan gareji da suka fi burge ni. Gyaran inji kowa yana jin ƙararsa, fenti kowa yana ganin ƙyallinsa. Gyaran allurar mai kuwa aiki ne na natsuwa da lissafi, da 'yar mita da guntun waya ake yin sa, shi ya sa ba a cika yaba shi ba. Abin da ya raba gwani da mai lalube a wannan fage guda ne: gwani ba ya ɗora wa ƙarfe laifi sai ya auna shi.

Abu ɗaya ne aka raba biyu

Ma'aunin mai abu ɗaya ne da aka raba gida biyu. Rabi yana cikin tanki, rabi yana gaban direba, waya ta haɗa su. Na cikin tanki yana da ƙwallo mara nauyi da ke yawo a saman mai, an ɗaure shi a bakin wata siririyar sandar ƙarfe. Ɗaya bakin sandar yana tura wani ɗan harshe da ke gogar waya mai hana wuta wucewa da sauƙi. In mai ya ƙaru, ƙwallo ya hau, harshen ya matsa gefe guda. In ya ragu, ya koma ɗaya gefen. Gwargwadon inda harshen ya tsaya, gwargwadon turjiyar da wuta za ta gamu da ita kafin ta koma jikin mota. Wannan turjiya ita ake aunawa da om.

Shi kuwa geji, wato rabin da ke gaban direba, bai taɓa ganin mai ba. Turjiyar kawai yake ji, ya juya allura daidai da abin da aka ƙera shi a kai. Nan ne matsalar take, domin kamfanoni ba su haɗu a kan lissafi ɗaya ba.

Motocin Chevrolet da GMC na kafin 1965 suna ba da om 0 in tanki ya ƙare, om 30 in ya cika. Daga 1965 har zuwa ƙarshen shekarun 1990 suka koma 0 zuwa 90. Ford na kafin 1987, da Dodge na wancan zamani, nasu a juye yake: wajen om 73 in babu mai, om 10 in ya cika. Daga 1987 Ford ta sake lale, ta koma 16 zuwa 158. Tsarin Stewart-Warner, wanda ya yaɗu a manyan motocin Amurka da gejin da ake saya a ɗaura, shi ne 240 in babu, 33 in ya cika. Kamfanin VDO na Jamus yana da nasa mai sanda da ƙwallo, 10 in babu, 180 in ya cika. Tsofaffin Toyota irin su Hilux da Land Cruiser kuwa wajen 110 ne in babu, wajen 3 in ya cika.

Duba abin da ke faruwa in aka haɗa bare da bare. Ka sa ma'aunin tanki na 0 zuwa 90 a bayan geji na 0 zuwa 30, allura za ta zauna a kan cika har sai kashi biyu cikin uku na man ya tafi, sannan ta fara saukowa a guje. Ka juya su, ka sa na 30 a bayan gejin 90, ko man yana zuba ta bakin tanki allura ba za ta wuce kashi ɗaya cikin uku ba. Ka haɗa na Toyota da gejin Chevrolet, sai ka ga abin mamaki: ana shan mai allura tana sauka, ana ƙone shi tana nuna ƙaruwa. A duk waɗannan babu abin da ya lalace. Kamar mai sayarwa ne yana awo da tiya, mai saye yana ƙirga da mudu. Kowa awonsa daidai ne, amma lissafinsu ba zai haɗu ba har abada.

Irin wannan gamin gambiza ya yi yawa a motocinmu, kuma da dalili. Wasu tun zamanin da ake haɗa motoci a cikin gida suke bisa hanya: Peugeot a Kaduna daga 1975, Mercedes a Inugu daga 1980, Steyr a Bauchi, Fiat a Kano, Leyland a Ibadan. Wasu kuma an shigo da su ne bayan sun gama aiki a Turai ko Amurka. Motar da ta kai shekara talatin ko arba'in tana aiki da wuya a ce kanta da tankinta da dashbod ɗinta duk na asali ne. An yi haɗari an sauya kai. Tanki ya ɓule an samo na wata mota a Ƙofar Ruwa ko Panteka, ko mai walda ya ƙera wanda ya fi girma don tafiya mai nisa. Kowane yanki ya zo da lissafin gidansu. Ga kuma batun ƙarfin wuta: manyan motocin Turai galibi bolt 24 suke amfani da shi, a-kori-kura kuwa 12. Gejin 12 in aka jona shi kai tsaye a motar 24, ƙarya zai yi kafin ya ƙone.

Tambaya kafin sufana

Gwani yana fara aiki da baki ne. Zai ce, “Direba, tun yaushe ta fara? Kafin nan an taɓa tankin? An sauya dashbod? In ka buɗe makulli tana ɗan motsi ko kuwa shiru? Allurar zafin inji fa, lafiyarta ƙalau?” Kowace amsa tana rage masa hanya. In an ce tun ranar da aka ɗaura sabon tanki abin ya rikice, ya san batun rashin dacewa ne. In an ce da rana tsaka ta faɗi, sai ya karkata ga waya ko fis.

Tambayar allurar zafi tana da tushe. Tsofaffin geji iri biyu ne. Akwai mai aiki da maganaɗisu: kwayil biyu ne a ciki suna jan allura, ɗaya nan ɗaya can, turjiyar tanki ce ke yanke wanda zai rinjaya. Irin wannan yana tashi da zarar an buɗe makulli, kuma hawa da saukar wutar batir ba su cika damunsa ba, tunda duka kwayil ɗin daga wuri ɗaya suke sha. Akwai kuma mai aiki da zafi: wani siririn ƙarfe ne da aka manna iri biyu, aka naɗe shi da waya. Wuta ta ratsa wayar, ƙarfen ya ɗumama ya lanƙwashe, ya ja allura. Wannan a hankali yake tashi, kuma dole a ba shi wuta daidai wa daida, don haka ake sa masa 'yar na'urar daidaita wuta a bayan dashbod. A tsofaffin Ford da Dodge wajen bolt 5 take bayarwa, a tsofaffin Land Rover masu gejin Smiths kuwa bolt 10. Ita ke ciyar da allurar mai da ta zafi gaba ɗaya. To in duka biyun suka haura tare ko suka kwanta tare, gwani ba ya ko kallon tanki. Ya san ɓarnar tana bayan dashbod.

Irin tsohuwar na'urar nan ma tana da halin da ke ruɗa wanda bai san ta ba. Ba ta ba da wuta a miƙe, kunnawa take tana kashewa. Wanda ya sa mata mita mai lambobi zai ga lambobin suna tsalle, ya ce ta mutu. Gwani ƙwan gwaji yake sa mata. In ya ga yana ƙyaftawa, ya san tana da rai.

Raba gardama da waya guda

Daga nan sai gwajin da ya fi kowane sauƙi, kuma ya fi kowane amfani. Gwani ya je kan tanki ya zare wayar ma'auni, ya ce wa yaronsa, “Buɗe makulli, ka gaya mini inda ta tsaya.” Sannan ya taɓa bakin wayar da ƙarfen shasi mai tsabta, ya sake tambaya. In allura ta tafi ƙarshe guda da aka zare waya, ta koma ɗaya ƙarshen da aka taɓa ta da bodi, to geji da wayar da ta taho daga gaba duk suna aiki, laifin yana tanki.

Wannan gwaji yana kuma gaya masa dangin gejin. In zare waya ya kai allura sama, taɓa bodi ya kwantar da ita, gejin na masu hawan turjiya ne, irin 0 zuwa 90 ko 10 zuwa 180. In zare waya ya kwantar da ita, taɓa bodi ya ɗaga ta, na masu saukar turjiya ne, irin 73 zuwa 10 ko 240 zuwa 33. A geji mai aiki da zafi, taɓawar ta ƙiftawar ido ce. Da yaro ya ce ta fara hawa, sai a ɗage, domin in aka bar wayar manne da bodi gejin zai gasu.

In allura ba ta motsa ba ko kaɗan, sai ya koma gaba ya maimaita gwajin a bayan gejin kansa. Ta motsa a can, waya ce ta tsinke a hanya, watakila inda ta bi ta kan shasi tana gogar ƙarfe. Ba ta motsa ba, sai ya duba fis, ya duba ko wuta tana isowa, ya duba ko gejin yana da mahaɗa mai kyau da bodi. Sai duk waɗannan sun fita lafiya yake yanke cewa gejin ya mutu.

Don gano ainihin lissafin gejin da ba a san asalinsa ba, gwanaye suna ajiye 'yan ƙananan abubuwan turjiya irin na masu gyaran rediyo, ko wanda ake murɗawa ya hau ya sauka. Sai a sa shi a madadin ma'aunin tanki, a murɗa har allura ta zauna a kan babu, a cire a auna da mita, a rubuta. A sake murɗawa zuwa rabi, a rubuta, sannan zuwa cika. Rabin nan yana da muhimmanci. A tsarin 0 zuwa 90 rabi yana wajen 45, kamar yadda hankali zai ɗauka. A na tsohuwar Ford kuwa rabi yana wajen om 23 ne, nesa da tsakiyar 73 da 10. Shi ya sa ake iya samun ma'aunin da ya dace da geji a sama da ƙasa, amma a tsakiya yana ƙarya. Mai lalube yakan liƙa ɗan abin turjiya a kan waya don allura ta kai cika, ya ce ya gyara. Gefe ɗaya kawai ya gyara, ya ƙara ɓata ɗayan. Magani na gaskiya shi ne a sauya ɗaya daga cikin biyun su zama 'yan gida ɗaya, ko a sa na'urar zamani da ke karɓar lissafin tanki ta mayar da shi na geji.

Tsatsar da ke ƙara mai a ido

Wutar da ta shiga ma'aunin tanki dole ta koma batir ta jikin mota. A tsohuwar mota wannan hanyar komawa ita ce ta fi yawan lalacewa. Tanki yana zaune a kan roba, ɗamarar da ta riƙe shi ta yi tsatsa, ko an yi masa sabon fenti ya toshe mahaɗa. Tsatsa da fenti suna ƙara turjiya, geji kuwa ba ya bambance turjiyar tsatsa da ta mai.

A motar da turjiyarta ke sauka in an cika, illar da sauƙi: allura ba ta kaiwa cika, direba ya sha mai da wuri. A wadda turjiyarta ke hawa, illar babba ce, don allura tana nuna man da babu shi. A tsarin 0 zuwa 90, tsatsar om 9 kacal daidai take da kashi ɗaya cikin goma na tanki. A tankin lita 200, lita 20 ke nan na ƙarya. Direba yana ganin yana da abin da zai kai shi gari na gaba, mota ta mutu masa a daji. Da muguwar rawa gara ƙin tashi: allurar da ta mutu murus ta fi irin wannan, don aƙalla direba ya san ba abin dogaro ba ce. Gwani yana kankare ƙarfe har ya yi fari, ya ja sabuwar waya daga kan ma'aunin kai tsaye zuwa shasi. Sau da yawa nan aikin yake ƙarewa, ba a sayi komai ba.

In dole sai an ciro ma'aunin, a nan ake ganin tarbiyyar sana'a. A cire kan batir tukuna. Babu sigari, babu ashana, babu ƙwan gwaji kusa da buɗaɗɗen tanki. In zoben da ke riƙe ma'aunin na bugawa ne, da guntun tagulla ko katako ake buga shi, don ƙarfe da ƙarfe suna fid da tartsatsi. Tankin fetur da ya kusa ƙarewa ya fi cikakke haɗari, domin tururin da ya gauraya da iska shi ke kamawa. Dizal bai kai fetur saurin kamawa ba, amma gwani ba ya sakaci da shi.

Ya ciro, ya ɗora a kan benci. Kafin komai yakan haɗa bakunan wayoyin mitarsa biyu ya ga abin da su kansu suke ci, don ya cire shi daga lissafi. Ya jona mitar, ya ɗaga sandar a hankali daga ƙasa zuwa sama, idonsa a kan lambobi. Ana so su tafi a jere ba tsalle. In suka yanke a wani wuri suka dawo, wayar ta cinye a nan, kuma ita ce ke sa allura faɗuwa ba zato. Wurin da ta cinye ma labari ne: motar da kullum ake sa mata mai kaɗan-kaɗan, ƙasan wayar ke fara gogewa, tunda a nan harshen yake wuni yana kai da komo. Wasu motocin Jamus nasu ma'aunin bututu ne, ƙwallon yana hawa da sauka a ciki a jikin siraran wayoyi. Irin wannan dattin dizal ke kama shi, kuma wanki a hankali yakan tashe shi.

Sai ƙwallo. Ya girgiza shi a kunne, in ya ji motsin ruwa a ciki, ya sha mai, nutsewa yake yi. Na tagulla yakan tsoma shi a ruwan zafi: iskar ciki ta kumbura, kumfa ya fito ta inda ya huje.

Tanki ma yana da bakin magana

Ko lissafin om ya dace, saura zurfi. Ma'aunin da aka ƙera wa tanki gajere in aka sa shi a mai zurfi, ƙwallo zai rataye a iska alhali akwai mai da yawa a ƙasa. In aka sa dogo a gajeren tanki, ƙwallo zai daki ƙasa ko rufi kafin sandar ta gama zagayenta. Gwani yana auna zurfin tankin, ya yanke ko ya lanƙwasa sandar daidai, ya tabbata ba za ta kama ƙarfen da ke raba cikin tanki don hana mai tambal-tambal ba. Ma'auni mai ƙusoshi biyar ramukansa ba daidai aka raba su ba, ta fuska ɗaya kawai yake zama, don haka tun a waje ake lura da inda sandar za ta dosa. Yakan kuma saita shi yadda allura za ta nuna babu alhali da ɗan saura a saman bakin bututun da ke zuƙar mai, don direba ya sami rarar isa gidan mai.

Siffar tanki ita ma tana shiga lissafi. Ƙwallo tsawo yake aunawa, direba kuwa lita yake so. A tanki mai kusurwa huɗu babu bambanci. A mai siffar ganga da aka kwantar, irin na tireloli da yawa, ƙasa da sama sun fi tsakiya matsewa. In mai ya sauko zuwa kwata na tsawon irin wannan tanki, abin da ya rage bai kai kashi ɗaya cikin biyar ba. A tankin lita 400, wajen lita 78 ne, ba 100 ba. Gwani na ƙwarai yana gaya wa direba wannan, kuma in an ba shi dama yakan rufe aikin da jarka: a zuba lita 25, a duba allura, a ƙara, a duba, har direba ya san abin da kowane layi yake nufi a motarsa.

Me ya sa duk wannan wahala a kan 'yar allura? Motar dizal in mai ya yanke mata, iska ta shiga bututu, ba ta tashi don kawai an zuba wani. Sai an kwance, an yi ta buga famfon hannu ana fitar da iska, wataƙila a tsakar dare a hanyar da tsayawa ba ta da daɗi, ga tumatir ko dabbobi a baya. Sannan ga amana. Mai ya yi tsada, musamman tun cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, kuma yana cikin manyan abubuwan da ke cin kuɗin kowace tafiya. Inda babu ma'auni, zargi ke shiga tsakanin mai mota da direba. Direba mai gaskiya ba shi da shaida, mai mota kuma ba shi da abin da zai kwantar masa da hankali. Allurar da ke aiki daidai tana kare mutuncin dukansu biyu.

Don haka in mai wayarin ya shafe awa guda yana aune-aune, ya ce maka, “Alhaji, ba sai ka sayi komai ba, tsatsa ce,” kada ka raina ladansa don ba ka ga sabon ƙarfe ba. Sanin da ya hana ka sayen abin da ba ka bukata shi ne abin da kake biya. Masu gareji kuma su sa wa yaransu mita a hannu tun da wuri, su koya musu rubuta abin da suka auna. Motocin nan za su daɗe suna yi mana aiki, kuma kullum ƙara gaurayuwa kayansu suke yi. Yaron da ya iya auna geji da ma'auni ya haɗa kowanne da ɗan'uwansa ba zai rasa aiki ba, kuma direbobi da kansu za su riƙa nuna wa juna garejinsa.